Wayar Baba Mumuni

A Suame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
shekara talatin da ɗaya ke nan
ina miƙar da abin da hanya ta lanƙwasa.

Ranar farko Baba Mumuni bai ba ni guduma ba.
Guntuwar waya ya miƙo.
Ya ce lanƙwasa, na lanƙwasa.
Mayar. Na mayar.
Sake.
A karo na sha bakwai ta yi ɗumi a yatsuna,
ta rabu biyu, ban ma ja ba.
Ya ce, a cikinsu wanne ya karya ta?
Na ce na ƙarshe.
Ya ƙwace ƙosan da ke gabana ya cinye.

Ƙarfe hali-hali ne, kamar masu kawo shi.
Sifirin, danne shi da doyar Techiman,
ɗora masa albasar Bawku buhu ɗari,
zai yi ruku'u har Kejetia,
a sauke kaya ya miƙe kamar ba shi ba.
Amma akwai wani buhu ɗaya,
ba wanda ya san ko na nawa ne sai shi.
In wannan ya hau, an gama.
Wanke motar, ajiye ta a inuwa shekara,
ba zai koma yadda wuta ta haife shi ba.

Jan ƙarfe ya fi kirki, yana ba ka labari tun da wuri:
ya miƙe, ya miƙe, wuyansa ya sirance
kamar alewa a hannun yaro,
sannan ya ce sai wata rana.
Ƙarfen zubi kuwa ba ya sunkuya wa kowa.
Shekara ashirin fuska a ɗaure,
ran nan, ƙau!
Ko sallama babu.

Makon jiya Kwadwo Agyei ya zo da fallen sifirin gida biyu,
yana tsine wa wani rami a hanyar Offinso.
Na goge bakin karayar da yawu da gefen riga.
Na ce duba nan, inda ya yi duhu ya yi sumul,
ga zane-zane kamar wanda ruwa ke bari
a yashin kwata bayan an ɗauke.
Tsaga ce, ta fara kamar silin gashi,
tana cin abincinta kullum kana jin rediyo.
Wannan ɗan farin mai ƙaiƙayi a gefe,
shi kaɗai ne rabon ramin.
Sauran naka ne, kai da mai motar, damina bakwai.
Bai ji daɗi ba. Ya dai biya rabi.

Zeliya, 'yata da ke karatu a Tek,
ta zana min abin a bayan rasit:
layi ya hau sak, ya karkace, ya ɗan yi doro,
sai wata 'yar alama inda ya ƙare.
Ta ce kowane wuri da sunansa.
Na ce wannan doron na san shi,
a Aboabo yake, yana zuwa masallaci da sanda.

Na je gaishe shi da salla.
Na ce Baba, bayan nan fa?
Ya ce wannan irin ba ya jin wuta, ba ya jin mai.
Ya ƙwanƙwasa ƙirjina da ƙashin yatsa,
ya kawo kunne,
yadda muke yi wa falle kafin mu mayar da shi ƙarƙashin lori:
mai lafiya ya yi amo,
mai tsaga ya ce ƙwas.
Ya daɗe yana saurare.
Bai faɗi abin da ya ji ba,
goro ya tambaya.

Yau da safe an kawo min sabon yaro, Inusa.
Ga shi can kan tsohuwar taya,
ƙosansa a gefe,
ya kai karo na tara.